Ranar da Na Ɓoye Buhunan Yaya

Shanun huɗa biyu aka sayar aka kai ni jami'a. Duk wanda ya san gidanmu a ƙauyenmu na bayan Doguwa ya san wannan, har waɗanda ba a haife su ba a lokacin, don a garinmu irin wannan magana ba ta tsufa. Ɗaya fari ne mai karyayyen ƙaho, ɗaya baƙi mai taurin kai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya yanke shawarar, amma yayana ne ya biya da jikinsa. Shi ya koma huɗa da garmar hannu damina uku a jere, ni kuwa ina birni ina haddace sunayen koguna da duwatsun ƙasashen da har yau ban taka ba.

Yaya bai taɓa yi mini gori ba, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Da ya yi ko sau ɗaya, da na san inda zan kama shi, mu yi rigimarmu mu huta. Bai yi ba. Tun ranar da na dawo da kwalin digiri ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Malam. Yana ɗan jan kalmar kaɗan in zai faɗa. Shekara ashirin ina sauraron wannan jan, ban gama tantance ko girmamawa ce ko ba'a ba.

Bari in faɗi halina tun yanzu: ni mutum ne mai zargi. In abokin aiki ya gaishe ni da fara'ar da ta wuce ta jiya, sai na yini ina laluben abin da yake nema. Matata ta ce ko kyautar goro aka ba ni sai na fasa na duba ciki. Ban musa ba. Wanda ya yi shekara shida yana yawo da fayil ofis-ofis ana ce masa ya dawo mako mai zuwa, dole ya koyi duba cikin goro.

Bayan shekarun nan shida na samu koyarwa a wata sakandare a ƙasar Bebeji, na kama hayar gida a Ƙofa, na yi aure, yara suka zo. Albashi yana shigowa kamar baƙon da sauri ke cinsa, ku gaisa a tsaye ya wuce. A wannan tsakanin Yaya, wanda bai wuce firamare da makarantar allo ba, ya mayar da shanunsa, ya ƙara wasu biyu, ya sayi fadama da injin ban ruwa. Da kaka yana sayen masara ya jibge, in ta yi tsada ya fitar. Duk shekara kuma, da an gama girbi, sai mota ta sauke mini buhu huɗu a ƙofar gida, uku masara, ɗaya dawa. Kowanne da alamar gidanmu a jikinsa, zane uku da jan fenti kamar sawun kaza, wadda mahaifinmu yake sa wa buhunansa don kada su ɓace a kasuwa. Matata takan ce alhamdu lillahi, ta kira matar Yaya ta yi ta godiya. Ni kuwa sai in ga kamar wasiƙa aka aiko mini da jan fenti, ana nuna mini abin da wanda bai yi karatu ba ya noma. Muna ci dai. Ban taɓa mayarwa ba.

Wata biyu bayan kakar wata shekara, babbar 'yar Yaya ta kira ni a waya. Yarinya ce mai kai, tun tana ƙarama in na je gida ita ce mai binciken jakata tana neman littafi.

"Baffa, an ba ni gurbi a jami'a, a Kano. Aikin jinya."

Na yi mata murna da gaske, har na miƙe tsaye a ɗakin malamai.

"Amma Baba ya ce ba zai ce e ko a'a ba sai ya zo ya gan ka. Ran Asabar zai zo."

"Ya gan ni, ko ya ji shawarata?"

"Ya gan ka dai ya ce, Baffa. Saura kwana goma sha biyu a rufe rajista."

Na san yadda Yaya yake sayen hatsi. Na sha tsayawa a bayansa a kasuwa. Ba ya kallon bakin buhu ko kaɗan, don ya ce a nan kowa yake zuba mai kyau. Yana da wani ƙarfe mai tsini mai rami a tsakiya, shi yake sokawa a cikin buhun, can ƙasa-ƙasa, ya zaro ƙwayoyi a tafinsa, ya ciza ɗaya. Da na ajiye wayar na san abin da ke tafe. Mutumin da aka sayar wa shanu saboda ni zai zo ya duba ko kayan ya yi kyau kafin ya sake saye. In ya same ni da ƙwari, yarinyar nan ta zauna a gida.

Haka na gaya wa kaina, cewa don yarinyar nake yi. Rabi gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa, ba na son Yaya ya ga tabarmar falona.

Kwana uku na yi ina shiri. Na aro kujerun kushin a wurin wani abokin aikina da ya tafi da iyalinsa hutu. Na sa aka ɗauko firijin ƙanwar matata daga Kiru a bayan a-kori-kura. Na sayi shinkafa da kaji biyu da lemon kwalba, na kai tsohuwar shaddata aka buga ta ta yi ƙyalli. Matata tana kallona tana girgiza kai.

"Baban yara, mutumin da ya san yawan bakunan gidan nan za ka ruɗa da firiji?"

"Ke dai ki soya kajin."

Ran Juma'a da yamma na tsaya a zaure ina duba aikina, sai idona ya faɗa kan buhunan. Suna nan a kusurwa a kan katako, huɗu cif, don muna ƙarasa ragowar na bara ne ba mu taɓa su ba. Jan fentin yana kallona. Na ce a raina, ina amfanin kushin da firiji in abu na farko da zai gani shi ne abincin da yake ciyar da ni? Ma'aikaci mai digiri ai daga kasuwa yake ci. Na kira mai baro, muka kwashe su zuwa shagon maƙwabcina, wani dattijo mai sayar da hatsi da kayan masarufi a bakin layinmu, mutumin kirki wanda bai iya ƙarya ba. Wannan ma kuskure ne, da na nemi wanda ya iya.

"Kwana biyu kawai," na ce masa. "Kuma ko wa ya tambaya, naka ne. Kada sunana ya fito."

"Ko wa, Malam?"

"Ko wa."

Matata ta ce in ajiye su a ɗakinta ta rufe da zane. Na ce Yaya yakan shiga ya gaishe ta har ciki, zai gani. Na ɗauka na yi dabara.

Yaya ya iso da hantsi, ya sauka a Kwanar Dangora ya hau acaɓa. Rigarsa ta kasuwa ce a jikinsa, mai aljihun ciki, kuma na lura hannunsa yana yawan komawa kan ƙirjinsa yana dafa aljihun. Muka gaisa a zaure, na durƙusa kamar yadda na saba, ya tambayi iyali da aiki, na tambayi mutanen gida da shanu. Yana amsawa idonsa yana kusurwar nan. Na share wurin sau biyu, amma na mance da katakon. Yana nan a shimfiɗe babu komai a kansa, ga 'yan ƙwayoyin masara a tsakanin tsagoginsa.

Muka shiga falo ya zauna a bakin kushin kamar mai jiran likita. Aka kawo shinkafa da kaza, ya ci kaɗan, ya yaba hannun matata. Ya sha ruwan sanyi, ya kalli firijin ya daɗe.

"Malam," ya ce, ya ja ta kamar kullum, "waɗanda kuka gama tare, ina suke yanzu?"

Na shirya wa wannan tambaya. Na kawo masa wanda yake babban ofis a Abuja, da wanda ya gina bene a Kano, da wanda yake koyarwa a jami'a yana zuwa ƙasashen waje.

"Uku ke nan. Ku nawa ne a ajin?"

"Muna da yawa."

"Sauran fa?"

"Kowa yana abinsa, Yaya."

"Shi mai benen, karatun ne ya gina masa?"

Na ce karatun ne. Na san surukinsa ne ya ɗora shi a kan kwangila, kuma ko a aji a bayana yake zama yana kwafar amsata. Yaya ya gyaɗa kai, ya ɗauki ƙashin kaza ya duba shi ya ajiye. Ban san me gyaɗa kan yake nufi ba, sai na fassara shi ta hanya mafi muni, kamar yadda na saba.

Muka tafi sallar azahar tare. Da aka idar, wani mutum da ɗansa yake ajina ya tare ni a ƙofar masallaci da ƙorafin sakamakon jarrabawa. Yaya ya ce in ji da shi, zai yi gaba ya saya wa yara alewa. Na ce to. Sai da mutumin ya yi nisa da bayaninsa na tuna shago ɗaya ne tak tsakanin masallaci da gidana. Na so in katse shi in ruga, amma ya riƙe hannuna, kuma ba a fizge hannu daga uban ɗalibi.

Na tarar da Yaya a zaure yana raba wa yara alewa, fuskarsa babu abin da za ka karanta. Bayan la'asar ya miƙe. Na raka shi bakin titi ina jiran ya ɗauko maganar yarinyar, bai ɗauko ba. Da na gaji na ce, "Yaya, maganar karatun nan fa?"

"Na gani," ya ce. Ya hau acaɓa.

Ban kai ga cire shaddar ba na ji ƙarar baro a ƙofar gida. Buhunan ne, duka huɗun. A bayansu ga maƙwabcina yana tafe kamar wanda aka aiko da saƙon rasuwa, da baƙar leda a hannunsa.

"Ai gobe muka ce," na ce masa.

"Malam, an saye su."

Ya zauna a kan dakali ya ba ni labari. Yaya ya shiga sayen alewa, ya hangi buhunan a lungu. Ya je ya dafa ɗaya, ya juya shi, ya shafa fentin da babban yatsa. Ya ce na sayarwa ne?

"Ka ce in ce nawa ne, na ce nawa ne. Ya ce a hannun wa na saya. Na ce wani mutum ne a unguwa. Ya ce mutumin yana cikin matsi ne? Malam, me zan ce? Na ce yanzu kowa ma yana ciki. Sai ya ce in yi musu kuɗi. Na saka kuɗi mai tsada don ya gudu, wallahi har na ji kunyar bakina. Bai taya ba. Ya sa hannu a aljihun ciki ya biya, ya ce in ya tafi in sa a kai su gidanka, kada in ce daga wa."

Yaya bai taya ba. Mutumin da na taɓa gani ya yi rabin sa'a yana jayayya a kan kwano ɗaya na wake. Maƙwabcin ya ajiye ledar kuɗin a cinyata ya ce shi dai a cire shi daga wannan magana, kuma don Allah kada in sake ba shi ajiya.

Matata tana tsaye a bakin ƙofa ta ji komai. Na ɗauka za ta ce ai na gaya maka. Ba ta ce ba, ta koma ciki, kuma hakan ya fi zafi.

Kafin magariba yarinyar ta kira. Muryarta a daidai take, irin daidaiton wanda ya gama kuka ya wanke fuska.

"Baffa, Baba ya kira daga hanya, ya ce a bar maganar. Da kuɗin rajistar ya fita da safe, ya ce in ya gamsu zai bar maka ka kai ni Kano. Me ya faru?"

Kuɗin yana cinyata a lokacin. Na ce mata ina zuwa gobe.

Na yi sammako. Daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, daga nan a ratsa daji a fita Doguwa, tafiya ce da take ba mutum lokacin tunani ko ba ya so. A motar nan na yi abin da na shekara ashirin ina gudu, na auna karatuna tsakani da Allah. Na tuno 'yan ajinmu waɗanda ban ambata wa Yaya ba. Wanda yake zaune a ƙarƙashin lema yana cire wa mutane kuɗi da na'ura. Wanda ya koma ɗinki, sana'ar da ya baro don ya yi digiri. Mata biyu da suka fi mu duka ƙoƙari, ban san inda suke ba. Masu koyarwa irina kuwa ba iyaka, duk da shadda ɗaya ta fita kunya. Waɗanda suka hau sama na bi su ɗaya bayan ɗaya, kusan kowanne da tsaninsa ya zo daga gida, kwalin digirin hula ce kawai da ya ɗora.

Amma ban yarda da masu cewa boko yaudara ce ba su ma. Na lura yawancin masu faɗar haka da ƙarfi 'ya'yansu suna makarantun kuɗi. Haka ban yarda da manyan baƙin da ake gayyatowa ranar yaye ɗalibai ba, masu zuwa da motar da suka san ba albashi ya saya ba, su ce wa yara ga abin da ilimi yake yi. Kowa bakin buhunsa yake nunawa. Jiya ni ma na shiga layinsu, har da aron firiji.

Na samu Yaya a fadama yana ban ruwan albasa. Ya hango ni tun daga nesa bai kashe injin ba, sai da na zo na tsaya takalmana suna nutsewa a laka. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya kamar ba jiya muka rabu ba. Sannan ya kashe, muka zauna a kan kunya.

Na ajiye ledar a tsakaninmu na faɗa masa komai. Ban sayar ba, ɓoyewa na yi. Na faɗi kushin, na faɗi mai benen da surukinsa, na faɗi mai lema da tela. Ban taɓa yi wa Yaya magana mai tsawon wannan ba. Yana sauraro yana murza ganyen albasa.

"Na juya buhunan nan ɗaya bayan ɗaya," ya ce da na gama. "Ɗinkin bakinsu nawa ne, ba a kwance ba. Babu huda ko ɗaya a jikinsu. Wane ɗan kasuwa ne zai sayi buhu huɗu bai soka ko ɗaya ba?"

"Ke nan ka sani."

"Ban sani ba. Na ce ko dai ƙanena yunwa ta sa ya sayar da abincin 'ya'yansa, ko kuma kunyar abincin gidan ubansa yake ji. Na rasa wanne zan roƙa ya zama. Ko wanne ne dai, ba shi nake so 'yata ta je ta koyo ba."

Na sunkuyar da kai. Kunya na ji, irin wadda take sa kunne ya yi zafi.

"Malam, tambaya ɗaya na je yi maka, na ga ka yi shiri da yawa sai na fasa. Shanun nan, sun dawo?"

Shekara ashirin ina jiran wannan tambaya, ina tanadin amsoshi masu kaifi. Da ta zo sai na faɗi gaskiya.

"Ba su dawo ba, Yaya. Watakila farin, mai karyayyen ƙahon. Baƙin ban ga alamarsa ba."

Ya yi dariya kaɗan ta hanci. "Baƙin dama bai taɓa zuwa inda ake kiransa ba."

Ya daɗe yana kallon ruwan da yake bin kwari yana shiga albasa. Sannan ya ce, "Shekarar da tsutsa ta cinye masara, wa ya ciyar da gidan nan daga bazara har sabon hatsi?"

Na tuna shekarar, na tuna ina raba albashi biyu ina aikowa, amma ban taɓa sa shi a ma'auni ba. A wurina wannan ba komai ba ne, wata biyar ne kawai a cikin shekaru.

"Gonakina suna da yawa," ya ce, "amma sama ɗaya ce take ba su ruwa duka. In ta ƙi, ta ƙi. Ina son a cikin 'ya'yana a samu ɗaya wanda abincinsa ba ya jiran hadari. Sai dai na ga abin da ake biya, kuma ba shanu nake nufi ba."

Na tura masa ledar. Ya turo mini ita da bayan hannu.

"Ciniki ya faɗa. An sayar, na saya, na kuma yi kyauta da abin da na saya. Wannan kuɗinka ne."

"Yaya, kuɗin rajistarta ne."

"Jiya da safe. Yau naka ne. Kai ka yi karatun, kai ka san cikinsa, ni bakinsa kawai nake gani. In ka yarda ya cancanta, ka kai ta da hannunka ka biya. In ba ka yarda ba, ka sayi firiji naka na kanka, ka mayar wa mutane nasu. Igiyar da aka ɗauro shi da ita tana nan rataye a bayansa."

Ya tashi ya ja igiyar injin, ƙara ta cika fadamar, magana ta ƙare.

Zan so in ce nan take na yanke shawara. Ban yanke ba. Daga fadama zuwa gida ina tafe ina juya abin, har ina zargin ko tarko ne ya ɗana mini tun daga shagon, don gobe in karatun bai haifar da komai ba a ce Baffanta ne ya kai ta. Ina kuma tambayar kaina ko ina da hurumin tura yarinya hanyar da ni kaina na kasa rantsuwa a kanta. Aikin jinya ba irin labarin ƙasa da na karanta ba ne, na ce, marasa lafiya ba sa ƙarewa. Amma haka aka ce mana mu ma a zamaninmu, wai makarantu ba sa ƙarewa.

Na same ta a tsakar gida tana surfe. Ta ajiye taɓarya ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a kan ledar.

"Ba zan ce miki za ki yi kuɗi ba," na ce mata. "Ni ban yi ba. Yawancin waɗanda na sani ba su yi ba."

"Na sani, Baffa. Ai ina zuwa gidanka hutu."

Wato ita ma ta san tabarmar falona, kuma ba ta fasa ba. Na ce ta haɗa takardunta, jibi za mu Kano.

Da zan tafi Yaya ya rako ni bakin hanya, abin da bai saba ba. Mota tana tsayawa ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Ran da ta ɓoye buhuna, kai zan tambaya."

Yanzu tana shekara ta biyu. Kuɗin zangon da suka biyo baya Yaya ne yake biya, ba tare da ya ce ya gamsu ba. Buhunana suna zaure a kan katakonsu, fentin yana kallon ƙofa, duk mai shigowa ya gani.

Kakar da ta wuce motar ta sauke biyar. Na biyar ɗin rabin buhu ne, garin masara da wake da busasshiyar kuɓewa a ƙulle a ciki, da sawun kazar nan ja a jikinsa, aka ce in kai mata. Na kai ran wata Lahadi. Maza ba sa shiga ɗakin kwanan 'yan mata, don haka na jingina shi da katanga a bakin ƙofa na kira ta. Ta fito da ƙawayenta biyu, 'yan birni, masu tabarau da ƙamshin turare. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata. Tana miƙewa ta kama kunnen buhun ta ɗan juya shi, fentin ya koma yana kallon katanga.

Watakila wurin kamawa take nema. Watakila gudun kada fentin ya shafi hijabinta. Na faɗa tun farko ni mai zargi ne, kuma ban san iyakar abin da idona ya ƙara ba. Amma na san wannan juyin, hannuna ya taɓa yin sa.

Na sa hannu na juyo shi. Na ce wa ƙawayen, "Wannan alamar kakanta ce. Duk kasuwar da kuka gan ta, masarar gidanmu ce." Ɗaya ta ce kai, abin sha'awa. 'Yar Yaya ta kalle ni, ban iya karanta kallon ba, fuskar ubanta gare ta. Sannan ta kama kunne ɗaya, ƙawarta ta kama ɗaya, suka shige da shi.

Ina cikin mota kafin mu fita gari wayata ta yi ƙara.

"Ka kai?"

"Na kai, Yaya."

"Ta karɓa?"

"Ta karɓa. Da hannunta ta ɗauka, a gaban ƙawayenta."

Ina jin kukan shanu a bayansa. Na jira ya ƙara tambaya ɗaya, wadda ban san me zan amsa ba.

"To, Malam," ya ce, ya ja ta kaɗan, ya kashe wayar.